Daren da Dizzee Rascal ya hau dandalin Olamfik: kuna ina?

Abu Hanan, Landan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani a daren Juma'a 27 ga Yulin 2012, daren buɗe gasar Olamfik ta Landan, musamman sa'ad da mawaƙin nan na Landan, Dizzee Rascal, ya fito da waƙarsa Bonkers. Na Ingila da na gida, kowa ya kawo nasa.

Ni a Bow na tashi, unguwar su Dizzee a gabashin Landan, cikin gidajen ƙaramar hukumar Tower Hamlets. Muryarsa muka fara sani tun kafin fuskarsa. A lokacin tashar rediyon Rinse FM, inda muke jin sa, ba ta da lasisi, a ƙololuwar dogayen benaye ake ɓoye na'urar watsa shiri, hukuma ta kwashe, a sake ɗaura wata. Nakan shiga bargo da 'yar rediyona in rage murya don kada Baba ya ji. Sai 2010 tashar ta samu lasisi.

Daren nan azumi ake yi. Mun sha ruwa tara saura 'yan mintuna, tara daidai aka fara biki. Wajen goma sai ga shi da riga mai rubutun E3, lambar gidan waya ta unguwarmu. Na miƙe tsaye da kofin kunu a hannu. Ta tagarmu ana hango hasken filin na Stratford. Baba ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce ɗan unguwar nan ne, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Gana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya shirya mana ku." Bai ce a canza tasha ba.

Direban Dare

Wa alaikumus salam. Ni ina kan sitiyari, dabino da gorar ruwa a gefe, a rediyon mota na ji shi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne da naka, ƙanena. An ware wa manyan baƙi layi nasu a titi, ka kuskura ka taka, tarar fam 130 ce. Don tsaron gasar an girke makamai masu linzami a saman wani gini a Bow, wasu a saman bene a Leytonstone, mutane na kwana a ƙasa da 'ya'yansu. Na ɗauki wani dattijo Bature haifaffen yankin, waƙar na tashi ya ce in ƙara murya, ya ce yau dai an tuna da su. Muna tafe yana nuna mini inda masana'antu suke a da. Da zai sauka ya bar mini canji.

Ɗan Fagge, Kano

Mu a gidan kallo muka gani bayan an idar da tarawihi, da yake agogonmu ɗaya da Landan a watannin nan. An ɗauke wuta, janareta ke aiki. Yawancinmu tawagar Najeriya muke jira ta wuce da tuta. Da ya fito wani ya ce Ba'amurke ne, wani yaro ɗan jami'a ya ce a'a, jininmu ne. Musu ya kaure har ba a jin waƙar. Abin da ya ɗaure mini kai, na iya Turanci daidai gwargwado amma ban tsinci kalma biyar ba, harshensa ba irin na mawaƙan gambarar Amurka da muka saba ji ba ne.

Ɗan Nima, Accra

Malam Ɗan Fagge, a Nima ba a yi musu ba. Sunansa Dylan Kwabena Mills, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, uwa 'yar Gana ce ta yi wahalarsa ita kaɗai. Makwabtanmu tafi suka yi ta yi.

Sani na Manchester

Ku yi haƙuri in kawo nawa ko da ba zai yi daɗi ba. A ɗakin taruwar ɗalibai na kalla, kowa na tsalle, ni kuwa raina a ɓace.

Faifansa na farko, Boy in da Corner, a 2003 ya fito, ya ci kyautar Mercury, babbar kyautar faifan waƙa ta Birtaniya, bai kai shekara 20 ba. Duk wanda ya saurare shi ya san ba faifan rawa ba ne. Yaro ne ke ba da labarin tsoro, da 'yan sanda, da wuƙa, da 'yan mata masu ciki suna makaranta. A shekarar ma aka daddaɓa masa wuƙa a Ayia Napa ta ƙasar Cyprus, Allah ya yi da sauran kwana. Wannan shi ne kiɗan grime, kuma shi ya sa na san halin da yaran gabashin Landan ke ciki tun ban taka birnin ba. Daga 2008 ya juya. Ya yi Dance wiv Me da Calvin Harris, ya yi Bonkers da Armand van Helden a 2009, duka suka hau mataki na ɗaya, duka kiɗan gidan rawa ne. Bonkers ɗin aka zaɓa a nuna wa duniya. A daidai lokacin kuma 'yan sandan Landan na amfani da takardar nan mai lamba 696, wadda masu shirya wasa ke cikewa da bayanan mawaƙa kafin a yi wasa, ana soke wasannin yaran da suka tsaya kan grime, ba a janye ta ba sai 2017. An ɗauki mutum ɗaya an ɗora a dandali, an bar sauran a bakin ƙofa.

Abu Hanan, Landan

Yaya Sani, maganar takardar gaskiya ce, abokaina sun sha zuwa wasa su tarar an rufe. Amma ban ga laifinsa a juyawar ba. Yaron da aka yi ta kora daga wannan makaranta zuwa waccan, har ya zama ajin kiɗa kaɗai ake barinsa ya shiga, wani malami ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Kuma waƙoƙin rawar nan a ƙarƙashin kamfaninsa na kansa, Dirtee Stank, ya fitar da su, ba wani ne ya ɗaure shi ya ce yi kaza ba. Mu da muka san ƙamshin matattakalar benayen nan ba za mu ce ya dawwama yana waƙar baƙin ciki don mu ji daɗin saurare ba.

Ummu Sumayya, Ilford

Ni ina cikin filin, cikin 'yan sa-kai masu rawa a ɓangaren da ya fito. Ina jami'a lokacin. Mun yi atisaye a Dagenham, a filin tsohon kamfanin motoci, ruwan sama na dukanmu, na ƙarshe-ƙarshe kuma da azumi a baki. Danny Boyle da ya shirya bikin ya roƙi kowa ya riƙe sirri, aka kuwa riƙe. Kowa da abin ji a kunne, ana ƙirga mana taku. Gaskiya ban ga fuskarsa sosai ba, hankalina na kan kada in ɓata layi. Abin da na ji shi ne kiɗan na bugawa ta tafin ƙafata, da ihun filin da ke cin mutum 80,000. Jim kaɗan aka nuna Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo ta www, zaune gaban kwamfuta, muka fice a guje don a ba 'yan wasa hanya. A bayan fage ni da wasu 'yan Somaliya biyu muka raba shinkafar da ɗayarsu ta zo da ita.

Hajiya Maman Khalil

Sannunku 'ya'yana. Ni aikin dare nake a asibiti, muna leƙa talabijin tsakanin gado da gado. Da aka nuna ma'aikatan jinya suna rawa da gadajen yara mun yi hawaye, mu baƙi da ke riƙe da ɗakunan nan. Da shi ya fito, ɗana ya turo mini saƙo cewa Mama kalli, namu ne. Na yi murna saboda murnarsa.

To amma tunda tarihin mutum ake yi, a faɗa duka. An ba shi lambar girma ta Birtaniya, MBE, a 2020. A watan Maris na 2022 kotu a Landan ta same shi da laifin cin zarafin matar da ya taɓa yi wa alkawarin aure, uwar 'ya'yansa. Ya ɗaukaka ƙara, a 2023 aka tabbatar da hukuncin. Na yi jinyar mata da yawa da suka zo da irin wannan rauni suna cewa faɗuwa suka yi a bene. Na zaunar da Khalil mun yi maganar, ya yi ta kawo mini uzurin maraici da wahalar unguwa. Na ce masa uwar da ta rene shi ita ma mace ce, a unguwar ta sha tata wahalar, kuma ba na son in sake jin wannan uzurin a bakinsa.