Neman kalma: wayar nan ta bayan sitiyari

Malamin Kanikanci, Kazaure: Salamu alaikum jama'a. Ranar Laraba zan yi wa yarana darasi da Hausa, kalma ɗaya ta tsaya mini: abin da 'yan gareji ke kira kuloksifirin. Waya ce mai faɗi kamar zaren kaset, an naɗe ta cikin ƙoƙon roba a bayan sitiyari. Ita ke kai wuta ga hon, da jakar iska mai kare direba in an yi haɗari, da maɓallan jikin sitiyari. In ka karya kan mota gefe ɗaya ta ƙara naɗuwa, in ka koma ɗaya gefen ta warware. Me zan kira ta?

Ɗan Ringim: Sifirin agogo.

Mai Waya, Ɗambatta: A'a ɗan'uwa, wannan zai ɓatar da yara. Ba sifirin ba ne, siffar kawai aka ara daga na cikin agogo mai wani. Ko littafin Toyota sunan da ya ba ta ma'anarsa waya mai naɗi. Ni dai "naɗin sitiyari".

Tsohon Malami, Gumel: Gammo! Me ya kai gammo kama da ita? Naɗaɗɗe ne, yana zaune tsakanin kai da kaya. Amma ku cire "sitiyari", ba Hausa ba ce. Gammon akalar mota.

Mai Waya: Baba, gammo ba ya warwarewa in ana tafiya, ita kuwa aikinta ke nan. Nan ne ma yara ke ɓarna. Tsawonta wajen zagaye 5 ne kacal. Kafin a ɗaura, a miƙar da tayoyin gaba, a juya ta a hankali har ta tsaya, a dawo da ita kamar zagaye 2 da rabi, alamomin jikinta su haɗu. In ba a tsakiya take ba, tana iya tsinkewa a karyawar farko. Haka in an kwance sandar sitiyari daga ƙasa aka bar sitiyari yana wulwulawa.

Tsohon Malami: Yaro, ni maganar harshe nake. Raƙumi na da akala, doki na da linzami, sai mota ce za mu yi bara?

Ɗan Ringim: Baba, ita "mota" fa daga ina?

Tsohon Malami: Wannan ta zama 'yar gida.

Ɗan Ringim: To sitiyari ma a gidan aka yaye shi.

Oga Mai Gareji, Wudil: Ku yi ta yi. Malam ya tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi gammon akala, mu gani ko ba tsumma zai dawo da shi ba.

Tsohon Malami: Wato 'yan kasuwa ne za su tsara mana Hausa? Shekara 30 ina riƙe da alli.

Oga Mai Gareji: Allah ya huci zuciyarka Baba, ni ma sifana nake riƙewa. Malam, abin da ya fi suna muhimmanci: su cire kan batir, su jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin su taɓa soket mai ruwan ɗorawa. Jakar iska a ajiye ta fuskarta sama, kada a ɗora mata mitar gwajin wuta. Kuma in fitilar jakar ta kama, hon ba ya yi sai an karkata sitiyari, sabuwar waya ake sawa. Ba a yi mata ƙari.

Malamin Kanikanci: Na gode Oga, duk zan sa. A allo zan rubuta "naɗin sitiyari", in faɗa musu sunan kasuwa don sayayya. Gammo kuma da shi zan yi misali.

Tsohon Malami: Misali kawai? To. Amma ka rubuta "naɗin akala" a ƙasa, ko da ƙananan baƙi ne.

Ɗan Ringim: Wa ya tuna da katantanwa?

Malamin Kanikanci: Don Allah a bari sai bayan Laraba.