Mai lasisin bindiga a Najeriya: me kuka tarar da kuka je sabuntawa?

Manomin Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da bindigar farauta mai baki biyu wadda na saya ta hanyar da doka ta yarda tun ina da ƙuruciyata, kuma shekara da shekaru ina kai littafin lasisina ana buga masa hatimi, ina biyan abin da aka yanka, ana ba ni rasit. Gonata tana bakin daji, kuma abin da ya sa na nemi bindigar tun farko shi ne birai da gadu da ke shiga masara idan ta fara nuna. Ban taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba.

A 'yan shekarun nan na je ofishin da ke kula da wannan aiki sau huɗu. Zuwan farko aka ce mai sa hannu ba ya nan. Na biyu aka ce an dakatar da komai daga sama, sai an ji sabon umarni. Na uku wani jami'i ya karɓi littafin, ya duba shi shafi-shafi, ya mayar mini, ya ce in riƙe abina in ci gaba da ɓoye bindigar a gida. Da na tambaye shi ko zai rubuta mini wannan maganar a takarda, sai ya ce ba shi da hurumin yin haka. Na huɗu ban ma samu shiga ba. Yanzu ina riƙe da littafin da wa'adinsa ya wuce, ba a ce an soke shi ba, ba a kuma sabunta shi ba, kuma duk ranar da aka yi bincike a gidana ni ne zan amsa tambaya. Ina roƙon duk wanda ya shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya tarar.

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Naka ma da sauƙi, tun da kana da littafi a hannu. Mu masu bindigar toka, wadda maƙerin gari ke ƙerawa ana ɗura mata albarushi ta baki, yawancinmu abin da muke riƙe da shi katin ƙungiyar maharba ne da shaidar Sarkin Baka. Na gaji farauta daga mahaifina, shi ma ya gada daga nasa, kuma a zamaninsa dagaci ne ke tsaya wa mutum, a rubuta sunansa, a san cewa akwai bindiga a gidan wane. Da na nemi lasisi na gaskiya don in riƙa tafiya farautar rani da kwanciyar hankali, sai aka ce in kawo hotuna da takardar likita da wasiƙar hakimi. Na haɗa su duka, na kai, kuma har yau ban ji an kira ni ba.

Abin da ya sa na daina ɗaukar maganar da wasa shi ne abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Kano da ke dawowa gida daga Fatakwal don yin Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16. Allah ya jiƙansu. Tun daga lokacin, duk matashin da ya zo mini sallama zai tafi daji mai nisa, sai na tambaye shi wace takarda zai nuna idan aka tare shi. Ban ce takarda za ta tsayar da taron da ya fusata ba, amma da akwai lasisi guda wanda kowane jami'i daga Sakkwato har Legas ya san kamanninsa, kuma zai iya tantance shi nan take, da maharbi ya samu abin da zai kāre kansa da shi kafin magana ta yi nisa.

Lauya Mai Zaman Kansa ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in faɗi abin da na gani a wurin aiki, domin na taɓa tsaya wa wani dattijo da aka kama da bindigar da lasisinta ya ƙare, kuma shari'ar ce ta tilasta mini karanta dokar daga farko har ƙarshe.

Dokar da ke aiki ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wato tun kafin samun 'yancin kai, kuma ta kasa makamai gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa jama'a, kamar bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, irin ta Manomin Fadama, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma masu ɗuri ta baki, irin ta Baba, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka sani da shaye-shaye, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Waɗannan sharuɗɗa ba ni da ja da su.

Matsalar tana wani wuri. Dokar ba ta ɗauki lasisi a matsayin haƙƙin kowa ba, ta bar shi ga ganin damar mai bayarwa, kuma ba ta ɗaure shi da wani wa'adin da dole ya amsa buƙatar mai nema ba. Saboda haka idan aka yi shiru da takardarka shekara uku, babu ranar da za ka nuna ka ce an saɓa. A kan wannan kuma aka ɗora umarni iri-iri. A 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a cikin kwana 21, kuma masu lasisi da yawa suka ruɗe game da ko abin ya shafe su. A watan Agusta na 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, aka kuma kafa kwamitin duba tsarin lasisin baki ɗaya. Dattijon da na tsaya wa ya zo kotu da rasit na shekaru masu yawa a cikin leda, a jere, babu wadda ta ɓata sai ta shekarun da ya je aka juyo da shi. Ledar nan ce ta cece shi. Shawarata ga kowa ita ce ya rubuta buƙatar sabuntawa a takarda, ya kai kwafi biyu, ya roƙi a buga masa hatimin karɓa a kan ɗaya, ya adana.

'Yar Marigayi ta rubuta:

Ni ba ni da sha'awar bindiga ko kaɗan. Mahaifinmu ya rasu ya bar ta farauta da lasisinta, kuma bayan addu'ar bakwai yayana ya ɗauke ta ya kai ma'ajiyar makamai kamar yadda aka ba mu shawara, aka ba shi 'yar takarda. Da aka zo rabon gado malamai suka lissafa ta cikin dukiya, ta faɗa rabon ƙanenmu. Shi ba zai iya karɓo ta ba sai da lasisi, lasisi kuma ba a bayarwa, sayarwa ma sai ga mai lasisi. Shekara biyu ke nan rabonsa yana kulle, kuma mun rasa wanda zai gaya mana ko tana nan lafiya ko ta yi tsatsa.

Ɗan Ƙauyen Zamfara ya rubuta:

Yaya, Allah ya jiƙan Baba. Ni labarina na watan Yuni ne na 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta sanar cewa jama'a su nemi bindiga don kāre kansu daga 'yan bindiga, aka kuma ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. A ƙauyenmu an yi murna, domin a shekarar an kwashe mana shanu an kuma ɗauki mutane. Na sayar da tunkiya na yi hotuna na haɗa kuɗin mota. Kafin mako ya zagayo sai muka ji a rediyo cewa 'yan sanda sun ce takunkumin da ke kan ba da lasisi yana nan, kuma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da ikon ba da irin wannan umarni. Daga baya na fahimci cewa tsarin mulki ya sa maganar makamai da harsasai cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Kafin wannan ma Gwamna Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda ya ce mana mu tashi mu kāre kanmu hukuma ce, wanda zai kama mu idan mun yi haka ma hukuma ce, mu kuwa muna tsakiya. Wasu daga cikin abokaina sun gaji da jira sun sayi ƙirar maƙera a ɓoye. Ni na ƙi, domin ina da iyali kuma ba na son in ƙare a gidan yari. Waɗanda suka shigo mana da dare kuwa babu wanda ya taɓa tambayarsu fom.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Ina neman afuwarku, domin ra'ayina ya ɗan bambanta. Na yi aiki a ɗakin karɓar gaggawa, kuma raunin harbin da na wanke ba duka na 'yan bindiga ba ne. Na ga yaron da ya ɗauko ta mahaifinsa daga bayan ƙofa ta tashi a cinyar ƙanensa, na ga wanda bindigar toka ta fashe masa a hannu, na kuma ga rikicin iyakar gona da da sanda za a yi shi amma aka yi shi da harsashi. Saboda haka lokacin da Sanata Ned Nwoko ya fito da ƙudurin ba farar hula damar riƙe bindiga don kāre kai a farkon 2024, ban goyi baya ba, har yanzu kuma ban sauya ba.

Duk da haka, na yarda cewa rufe ƙofar lasisi bai rage bindiga a gidaje ba, sai dai ya rage waɗanda hukuma ta san da su. Da a ce lasisi na tafiya, ana duba idon mutum da hankalinsa duk shekara, ana zuwa a ga akwatin da yake kulle ta, da wasu yaran da na karɓa ba su zo hannuna ba.

Lauya Mai Zaman Kansa ya sake rubutawa:

Hajiya, a nan muka haɗu. Game da gyara kuwa, ba na son in sa wa kowa rai fiye da kima. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa gindin zama a doka, amma hankalin wannan doka yana kan makaman da ke yawo ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi kuma sun bi wata hanya, Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, wato an fi yarda a ba ƙungiya mai kaki makami a kan a ba mutum ɗaya. Ban ga alamar za a buɗe wa kowa da kowa ba. Abin da nake ganin zai yiwu, idan ƙungiyoyin maharba da manoma suka je majalisa da murya ɗaya, shi ne a raba sabuntawa da sabon nema, a sa wa'adin amsa, a tilasta rubuta dalilin ƙi, a kuma fayyace makomar bindigar mamaci.

Manomin Fadama ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Barista, na tono rasit ɗina na samu guda goma sha ɗaya, na kuma sa ɗana ya rubuta mini wasiƙar sabuntawa kwafi biyu. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan kai ta in roƙi hatimin karɓa. Baba Maharbi, idan ƙungiyarku za ta rubuta wa ɗan majalisar yankinku, a sa sunana cikin masu sa hannu, kuma a ambaci maganar gadon 'yar'uwarmu a ciki.