Ƙudan zuma sun yi dunƙule a reshe: ta yaya ake kama su a zuba a amya?

Sabon-shiga:
Assalamu alaikum masana. Idan ƙudan zuma suka taso daga gidansu suka yi cincirindo a reshen bishiya, ta yaya ake kwashe su a zuba a amya su zauna? Da rana ake yi ko da dare? Kuma sai an yi musu hayaƙi?

Mai-Amya:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka jira dare. Wannan dunƙulen zango suka yi, 'yan leƙensu na can suna neman mazauni, wani lokaci awa biyu kawai sai su tashi, wani lokaci su kwana biyu ko uku. Kafin su baro gida sun cika ciki da zuma, ba su da 'ya'ya ko saƙar da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Duk da haka ka sa rigar kariya da ragar fuska da safar hannu.

Shimfiɗa farin zane a ƙasa. Riƙe kwali ko bokiti mai murfi daidai ƙarƙashin dunƙulen, ka girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya, ba a hankali ba, don su faɗo gaba ɗaya. In reshen siriri ne, yanke shi ka saukar da shi cikin kwalin. Sai ka kifa kwalin a kan zanen, ka tokare gefe ɗaya da dutse, ƙofa kamar yatsa biyu.

Aikin duka a kan sarauniya yake. Bayan minti 15 zuwa 20 ka duba: in ka ga wasu a bakin ƙofa sun ɗaga gindi sama suna kaɗa fukafukai, ƙamshin kira suke watsawa, yawanci tana ciki. In suka koma reshe suka sake dunƙulewa, ba ta shiga ba, sai ka maimaita. Da magariba, bayan na waje sun dawo, ka ɗaure zanen ka ɗauke, ka kai su amya ka zuba.

Kakin-Zuma:
Ƙari a kan bayanin Malam: hayaƙi ba shi da amfani a kan dunƙulen, watsa su yake yi. Feshin ruwa kaɗan ya fi. Inda hayaƙi ke aiki shi ne a reshen bayan an girgiza, don ya kashe ƙamshin da ke janyo su baya. Kuma a huda kwalin, kada a bar shi a rana. Zafi na iya hallaka su cikin ɗan lokaci.

Kamawa ba ita ce wahalar ba, zama ne. Sabuwar amya mai warin fenti ko ɗanyen katako ba ta riƙe su. Shafa narkakken kaki a sandunan saƙa, wato sandunan cikin amya da suke gina saƙa a jikinsu. In akwai lafiyayyar amya a kusa, ari saƙa ɗaya mai ƙwai da ƙananan tsutsa ka saka musu, da wuya su gudu su bar 'ya'ya. A daidaita amyar kada ta karkace, in ba haka ba saƙar za ta fito a gicciye. A ba su ruwan sukari, awo ɗaya na sukari da awo ɗaya na ruwa, a cikin amyar, ba a fili ba, saboda tururuwa da ƙudan wasu amyoyi.

Mai-Amya:
A nan na ɗan saɓa. Kada a ba su ruwan sukari sai bayan kwana biyu ko uku. Bari su ƙarar da zumar da suka zo da ita wajen gina saƙa, don in tana ɗauke da cutar da ke ruɓar da tsutsa, kada su adana ta su ciyar da 'ya'ya.

Kada a buɗe amyar don duba saƙa sai bayan mako guda. In ba ka ga ƙwai ba, kada ka yi saurin cewa babu sarauniya. Ayari na biyu da ya taso daga gida ɗaya yakan fito da budurwar sarauniya, sai ta fita barbara tukuna, takan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta fara ƙwai. Saboda haka ragar tsare sarauniya da wasu ke sawa a ƙofa kada ta wuce kwana uku.