Cuku mai shuɗin funfuna: yaya ɗanɗanonsa yake, kuma wanda madara ke ɓata wa ciki zai iya ci?

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum. Watana biyar ke nan da zuwa karatu birnin Tulus, a kudancin Faransa, kuma dattijuwar da nake haya a gidanta ta gayyace ni cin abincin rana ranar Lahadi. Ta riga ta shaida mini, cike da alfahari, cewa bayan an ci abinci za ta fito da Roquefort, wato cukun nan mai funfuna a ciki. Na je kanti na dube shi: fari ne, da ratsi-ratsin shuɗi mai sirkin kore, tamkar burodin da aka manta cikin leda da damina. Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya ɗanɗanonsa yake, don kada in yamutsa fuska a gaban mutane? Ta biyu kuwa ita ce ta fi damuna. Tun ina yaro, idan na sha kofin madara, kafin awa guda cikina ya kumbura ya shiga ƙugi, wani lokacin har da gudawa, kuma likita a nan ya ce jikina ne ba ya narkar da laktos, wato sukarin da ke cikin madara. Kindirmo bai cika damuna ba. Shin abu mai ƙarfin wari irin wannan ba zai fi madarar kanta tayar mini da ciki ba?

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, kuma ranar da na fara sa shi a baki, sai da na nemi inda zan tofar ban samu ba. Abin da zai fara dukan harshenka gishiri ne, mai yawa, sannan maiƙo ya narke kamar man shanu, daga baya wani ɗan yaji-yaji da ba na barkono ba ya taso ta maƙogwaro ya fita ta hanci. Warinsa ya fi ɗanɗanonsa tsanani, kamar dai daddawa, wadda baƙo zai toshe hanci idan ya wuce inda ake shanya ta, amma ya nemi ƙari idan ta shiga miyar kuka. Kuskurena shi ne na yanko babban yanki na ci shi gaya. Ka ɗauki kamar kan ɗan yatsa ka shafa a burodi, kuma tun da mu ba mu shan abin da su suke korawa da shi, ka nemi zuma ko dabino, domin zaƙi yana kwantar da gishirin. Idan kana son ka saba da bakinka kafin Lahadi, ka sayi Gorgonzola, wani cuku mai funfuna na Italiya, wanda aka rubuta wa dolce, shi ya fi laushi da sauƙin wari.

Malamin Kimiyyar Abinci:

Hajiya ta gama da zancen ɗanɗano, ni bari in taɓa na ciki. Ɗan'uwa, ƙarfin wari da yawan laktos ba tafiyarsu ɗaya ba, hasali ma sau da yawa cukun da ya fi daɗewa a ajiye, ya fi wari, shi ne ya fi ƙarancin laktos. Idan aka daskarar da madara aka tsane ruwanta, mafi yawan laktos yana bin ruwan nan ya tafi, ɗan abin da ya saura kuma ƙwayoyin da ke sa nono tsami su cinye shi su mai da shi tsami, wanda shi ne dalilin da ya sa kindirmo yake yi maka sauƙi. Bambancin kawai, kindirmo kwana yake yi, shi kuwa Roquefort doka ba ta yarda a sayar da shi ba sai ya yi aƙalla kwana 90.

Ga lissafin. Kofin madara mai cin mililita 250 yana ɗauke da laktos kimanin giram 12. Irin wannan cuku kuwa yawanci bai kai giram 1 a cikin giram 100 ba, kuma abin da mutum ke ci a zama ɗaya bai wuce giram 30 ba, ka ga ko sulusin giram ba za ka haɗiya ba. Idan kana son ka tabbatar da idonka, juya bayan kwalin ka duba inda aka rubuta adadin sukari, domin a cukun da ba a ƙara wa komai ba, sukarin da ke ciki na madarar ne.

Shi kuwa warin, aikin funfunar ne, wadda ake kira Penicillium roqueforti. Da gangan ake zuba ta, sannan a soke cukun da dogayen allurai don iska ta shiga, ita kuma ta tsiro a cikin ramukan, tana farfasa maiƙo da furotin, daga nan ƙamshin da yajin suke fitowa. Ana yin Roquefort da nonon tumaki irin na Lacaune, a ajiye shi a kogunan dutsen Combalou da ke ƙauyen Roquefort-sur-Soulzon, kuma tun 1925 dokar Faransa ta kare sunansa. Ƙauyen yana yanki ɗaya da Tulus, saboda haka alfaharin dattijuwar taka na gida ne. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da cewa nonon tumaki ba shi da laktos; yana da shi kamar na saniya, tsanewa da daɗewa ne suka raba cukun da shi.

Baban Ilham:

Malam, ban musa lissafinka ba, amma ni ganau ne. Matsalata ɗaya da ta mai tambaya, kuma na taɓa cin taliya da miyar wannan cuku a wani gidan abinci a Milan, daren nan ban runtsa ba. Ɗanɗanon ma, a gafarce ni, har yau ban ga abin da ake yabo a cikinsa ba, ni dai sabulu da gishiri na ji.

Malamin Kimiyyar Abinci:

Alhaji, ina kyautata zaton ba cukun ne ya hana ka barci ba, miyar ce, domin irin wannan miya da madara ko kirim ake dama ta, kuma su laktos ɗinsu yana nan daram. Amma maganarka ta tuna mini abin da ya kamata in faɗa tun farko. Cukun yana da maiƙo sosai, kuma duk cukun da ya daɗe yana tara sinadarin histamin, wanda kan sa wasu ciwon kai ko ɓacin ciki ba tare da laktos ya sa hannu ba. Haka nan wanda madara ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, tasa cutar daban ce, jikinsa da furotin ɗin madara yake faɗa, kuma shi ko ɗanɗanawa kada ya yi. Mai juna biyu ma likitoci kan hana ta, musamman Roquefort da ake yi da ɗanyen nono wanda ba a dafa ba, saboda ƙwayar cutar da ake kira listeriya.

Ɗan Damagaram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je, da dabinona a aljihu. Na shafa kaɗan a burodi kamar yadda Yaya ta ce, loma ta farko hawaye ya cika mini ido, ta uku kuwa na fara jin maiƙon da ke bayan gishirin. Na kwana ina sauraron cikina, bai ce uffan ba. Dattijuwar ta ɗanɗana nata da dabino ta ce ba laifi, sannan ta naɗe mini ragowar a takarda. Yanzu haka yana cikin firij, kuma abokin zamana ya fara tambayar abin da ya mutu a ciki.