Dan Allah a duba min zanen nan, jiya na fara gwada wuƙar fenti

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga zanen da na gama jiya da daddare, mai tumatir ne a bakin kasuwa da kwanduna uku a gabansa, tumatir da tattasai da alayyahu. Akrilik ne, wato fentin nan mai saurin bushewa, a kan ɗan ƙaramin kanbas (ƙyallen zane), ban taɓa buroshi ba ko sau ɗaya, gaba ɗaya da wuƙar fenti na yi shi. Abu biyu ke damuna. Jan tumatirin ya koma kamar taɓo musamman inda ya haɗu da ganye, sannan fentin da na tara da kauri yau na tashi na tarar ya kwanta, tudun nan da nake so duk ya baje. Wlh awa huɗu na yi a kai kuma raina bai kwanta ba, a faɗa min gaskiya kar a ji kunyata.

Baba_Mai_Zane:
Wa alaikumussalam ɗana, sannu da ƙoƙari. Maganar taɓon nan ba daga fentin ba ne, daga hannunka ne. Ja da kore kishiyoyi ne, duk inda suka cakuɗu ruwan ƙasa za su ba ka, kai kuma da gani ba ka goge wuƙar, ka ɗebo kore da ita ka koma ka ɗebo ja, sannan ka yi ta shafa wuri ɗaya kamar mai yaɓe. Ka riƙe tsumma a hannun hagu, duk shafa ɗaya ka goge. Ka ɗora fentin, ka ɗaga wuƙar, kar ka koma. Dubi kwandon hagu ta can sama, akwai tumatir biyu da ka yi da shafa ɗaya ka bar su, su kaɗai ne ke sheƙi a duk zanen har da ɗan farin da ya biyo gefen wuƙar. Haka ake so. Hular mutumin ma ta fito sosai.

Maman_Twins:
Ƙanina batun kwanciyar fenti ni ma ya same ni farkon farawata. Akrilik ruwa ne a cikinsa, in ruwan ya fita dole ya motse, balle irin mai arahan nan na 'yan makaranta. Ka nemi wanda aka rubuta heavy body a jikinsa, wato mai kauri, ko ka sayi gel ɗin da ke ƙara wa fenti kauri ka riƙa gaurayawa, kuma kar ka sa ruwa ko ɗigo. Fentin mai ya fi riƙe tudu gsky amma mai kauri sai ya yi makonni kafin ya taɓu, cikinsa kuwa watanni, ga ƙurar hunturu tana manne masa, ni juya nawa nake ya kalli bango.

Dan_Samaru:
Ni fa ba kalar ce ta fi damuna ba, fuskar ce. Ka tsaya kana zana ido da hanci da tsinin wuƙa, ai ba aikinta ba ne, shi ya sa wurin ya dagule. Je ka nemo aikin Ablade Glover ɗan Ghana, haifaffen Accra a 1934, da wuƙa yake zana kasuwanni, in ka matso kusa ba komai sai dunƙulen fenti ja da rawaya da fari, ka ja baya kuma sai ka ga mata da kaya a ka kasuwa ta cika maƙil. Kai ma ka riƙa ja da baya taku uku bayan kowace shafa biyar haka. Kuma ba inuwa a ƙarƙashin kwandunanka, kamar suna yawo a iska suke.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba to wannan ɗin zai gyaru ko in sake sabo?

Baba_Mai_Zane:
Zai gyaru mana, tunda akrilik ne ai ya riga ya bushe, sabon ja ba zai haɗu da na ƙasa ba. Fara sa inuwar da Ɗan Samaru ya faɗa, shuɗi mai duhu da ɗan ruwan ƙasa, siriri. In ta bushe ka ɗora jan a kan tumatir biyar ko shida na gaba kawai, na bayan ka bar su a dusashensu. Ka turo mu gani in ka gama.