Karon Hamilton da Verstappen: abin da masu kallo suka tsayar

An sha musu kan karon da aka yi a tseren motoci na Formula 1 a filin Silverstone na Ingila a 2021, inda motar Hamilton ta taɓa ƙafar baya ta motar Verstappen a kwanar Copse, Verstappen ya daki shingen tayoyi, aka kai shi asibiti. Alƙalai suka ci Hamilton tarar daƙiƙa 10, kuma duk da haka ya lashe tseren. Nan ne ran magoya bayan Red Bull, ƙungiyar Verstappen, ya ɓaci.

Shawarar da ta fi rinjaye tsakanin masu kallo: kafin ka ɗora laifi, duba hoton kyamarar cikin motocin biyu, ka ga wa ke gaba lokacin shiga kwana, wa ya bar wa ɗan'uwansa fili. Alƙalai tuƙin suke hukuntawa, ba girman ɓarnar ba, ko da yake wannan bai gamsar da ni sosai ba. Wasu suka ƙara da cewa a daina zagin direbobi.