Harlem Nights: Eddie Murphy ne ya kashe fim ɗinsa?

Tsohon Mai Kaset: Jiya na sake kallon Harlem Nights na 1989, kuma ina nan kan bakana: Eddie Murphy da hannunsa ya kashe fim ɗin nan. Shi ya rubuta labari, shi ne darakta, shi ne jarumi. An ce taura biyu ba ta taunuwa, shi uku ya cusa a baki. Ga manyan 'yan barkwanci Richard Pryor da Redd Foxx, amma sai ka yi minti goma haƙorinka bai fito ba.

Ɗan Fagge: Haba Baba! Damben da ya yi da Della Reese fa? Tsohuwa ta yi masa lilis, da ya ga ba sarki sai Allah ya harbe mata ɗan yatsan ƙafa. Na yi dariya har da hawaye.

Tsohon Mai Kaset: Yaro, wuri ɗaya ka kawo a fim na kusan awa biyu. Kawo na biyu.

Ɗan Fagge: Arsenio Hall yana harbi yana kukan ɗan'uwansa.

Tsohon Mai Kaset: Ihu ne wannan, ba barkwanci ba.

Uwar Ɗinki: Baba, ni abin da ya ba ni takaici Pryor ne. Mutumin da Murphy ya tashi yana koyi da shi, sai aka ba shi Sugar Ray, dattijo mai gidan caca da ba ya komai sai nasiha. Amma ku faɗi gaskiya, kayan sawa sun yi. Kwat-kwat da hulunan Harlem (unguwa a New York) ta 1938 har takarar kyautar fim ta Oscar suka shiga. A matsayina na tela, nan idona ya tsaya.

Malamin Firamare: Anti, ai kin taimaki Baba ba ki sani ba. Fim ɗin dariya a koma yabon ɗinki? Rubutun labarin kuwa kyautar Razzie ya ci, wadda ake ba mafi muni. Sai dai ban yarda daraktancin ne ya kashe shi ba. Labarin ne bai san inda ya dosa ba: rabi 'yan daba da ɗan sanda maci hanci, rabi zage-zage. Ko wa aka ba wannan takarda haka zai fito.

Tsohon Mai Kaset: To wa ya rubuta takardar, Malam? Yana ɗan shekara 28, fim ɗinsa Coming to America ya yi tashe, wa ya isa a kamfanin fim na Paramount ya ce masa gyara nan? A wancan fim John Landis ne a bayan kyamara, akwai mai tsawata masa.

Ɗan Fagge: Duk da haka kuɗi sun dawo, kuma har yau baƙaƙen Amurka suna ji da shi.

Tsohon Mai Kaset: In ya ji daɗin abin, me ya hana shi sake zama kujerar darakta tun daga ranar?

Ɗan Fagge: Bari in yi sallah in dawo, Baba. Ban gama da kai ba.